Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba: Majinyatan Da Lissafin Gwamnati Ya Tsallake

A Maraɗi, duk wanda cikinsa ya dame shi har tsawon wata uku, an gama raɗa wa ciwonsa suna tun kafin ya ga fuskar likita: olsa ce. Mai tallar magani da ke zagaye unguwar Zariya da tire a kai ya san haka, mai maganin gargajiya da ke kwarmato da lasifika ranakun Litinin da Juma'a a kasuwa ya san haka, har maƙwabciyar da ta leƙo gaisuwa tana da ƙullin kanwar da za ta bayar. Sau da yawa kuma gaskiyarsu ce, domin ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki ta yi katutu a ƙasashen Afirka. Amma a cikin wannan taro na masu "olsa" akwai waɗansu bayin Allah da ke shekara biyar, wani lokaci goma, suna haɗiyar maganin ciwon da ba shi ke cin su ba, suna zubewa a gaban idon kowa, har ranar da sukari zai fito fili a ce ga wata sabuwar cuta ta zo, alhali tsohuwar ce ta nuna wata fuska.

Abin da ke damun waɗannan mutane shi ne daɗaɗɗen kumburin wata gaɓa da likitoci ke kira pankireyas. Maganarsu ta wuce ɗakin likita, domin yadda ake barinsu yana tona asirin wani abu da ke cikin tsarin kiwon lafiyar ƙasar nan tun shekarun 1980. An gina tsarin ne, an kuma sa masa farashi, don cutar da ke zuwa ta wuce: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, haihuwa, karaya. Wanda ciwonsa ya zo zama, ya shimfiɗa tabarma a jikinsa har ƙarshen rayuwa, ba a yanka masa wuri a cikin lissafin ba.

Gaɓar da ake magana a kanta ba ta wuce tsawon santimita 15 ba, tana kwance a bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Aiki biyu take yi. Na farko, tana zubo wa hanji ruwa sama da lita guda a kowace rana, ɗauke da sinadaran da ke narkar da maiƙo da nama da tsaba. Na biyu, tana sako insulin cikin jini, wanda ke daidaita sukari. Idan kumburi ya daɗe yana komo mata, naman gaɓar yakan rikiɗe ya zama tabo, magudanar ruwanta ta tsuke, tsakuwa ta taru a ciki, kuma abin da ya lalace ba ya sake tofowa. Daga nan ne raɗaɗin ke fitowa. Yana kama saman ciki, ya huda ya fita ta baya kamar an soka mashi, ya fi tsanani bayan cin abinci, kuma mai shi ba ya samun sassauci sai ya zauna ya dunƙule, gwiwa a ƙirji. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci a duƙe bakin ƙofa da tsakar dare, yana rungume da matashin kai, iyalinsa na tsaye cirko-cirko, ya ga hoton wannan ciwo ko da bai san sunansa ba.

Tsoron akushi

A ɗauki misalin tela mai shago a Zariya, ko manomin rani a fadamar Jiratawa. Safiyar Maraɗi da mai take farawa: ƙosai, fanke, waina, duk daga kasko. Garin nan da gyaɗa ya girma. Da ita attajiransa na farko suka yi suna, da ita aka kafa masana'antar tatsar mai ta Siconiger, kuma har gobe ƙuli-ƙuli ne ke ɗaure kwaɗon zogale, shi ne yajin tsire da kilishi. Ga mai ciwon pankireyas wanda ba ya da maganin da ya dace, kowace lomar mai tana da farashi, kuma a jikinsa ake karɓa. Sai ya fara kauce wa abinci tun yana jin yunwa. Ya koma kunu, ya koma farau-farau, ya tsame hannu daga kwano bayan loma uku. A ƙasar da maza ke haɗuwa kan akushi guda a ƙofar gida, tsame hannu magana ce. Wani ya ce girman kai ne, wani ya ce ba ya yarda da girkin gidan ba, uwargida kuma ta fara zargin ko amarya ce ke ciyar da shi a ɓoye. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, balle kwanakin Sallar Layya da gari ke ƙamshin soyayyen nama, duk ranakun da jama'a ke murna su ne ranakun da shi yake neman inda zai ɓuya.

Akwai kuma alamar da ta fi kowace bayyana ciwon, ita ce kuma aka fi ɓoyewa. Idan gaɓar ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta, maiƙon da aka ci yakan fita yadda ya shiga: bayan gida ya zama mai yawa, fari-fari, mai sheƙin mai, mai ɗoyi na daban, ba ya wankuwa da sauƙi. Littattafan likitanci suna koya wa ɗalibi ya tambayi ko bayan gidan yana tasowa saman ruwa. An rubuta littattafan ne don masu masai na tangaran. A gidan da salga rami ce mai duhu, wa ya gani? Wanda ya lura ma, ta yaya dattijo mai gemu zai dubi ma'aikaciyar jinya sa'ar ɗiyarsa ya siffanta mata abin da ya fito daga cikinsa? Sai ya ce, "Cikin ne dai, malama." Ita kuma, da mutum sittin a layi, ta ce, "Allah ya sawwaƙe, baba," ta rubuta maganin olsa. Abin takaici, maganin rage tsamin ciki yakan ɗan kwantar da abin na kwana biyu, sai kowa ya ƙara sakankancewa cewa an gano bakin zaren.

Jikin da ba ya tsotsar maiƙo ba ya samun bitamin A, D, E da K, domin tare suke shiga. Ido ya fara dundumi, ƙashi ya yi rauni, wando ya daina zama a ƙugu. A nan ne bakin mutane ke kama aiki. Tun shekarun 1990 magidancin da ya rame babu dalili, ana raɗe-raɗin sida a bayansa. Idan awo ya wanke shi, a koma kan sammu, a koma kan maita, a fara nuna wata tsohuwa da yatsa a Tsibiri ko wani abokin gaba a kasuwa. Kuɗin da ya kamata su tafi wajen hoton ciki sai su ƙare a turare da rubutun sha da baƙin bunsuru.

Ranar da aka dace da likitan da ya gano ainihin ciwon, wani sabon tashin hankali ke jira. Tambayarsa ta farko ita ce: kana shan giya? Ba laifinsa ba ne. A Faransa, inda aka rubuta mafi yawan littattafan da ya karanta, giya ce ke haddasa galibin wannan ciwo, kuma munafunci ne a ce babu mai sha a Maraɗi. Akwai gidajen da aka sani, akwai masu shiga da duhu. Wanda giya ta kai shi ga wannan hali dole a gaya masa gaskiya, cewa kowane kofi yana ƙara cin abin da ya rage masa. Haka nan taba, wadda aka daɗe ana raina illarta a nan, yanzu an tabbatar tana gaggauta lalacewar gaɓar, tana ƙara haɗarin kansa, kuma ita kam a bainar jama'a ake zuƙarta, a kowace fada, tare da shayi. Amma idan aka yi wa limamin unguwa, ko yarinya ƴar shekara goma sha bakwai, wannan tambaya a gaban dangi, aka kuma yi murmushin rashin yarda da amsarsu, an ƙara musu ciwo kan ciwo. Akwai waɗanda ba su sake komawa ba.

Ilimi ya daɗe da wanke su. A 1959 wani likita ɗan Holan, Zuidema, ya bayyana matasa a Indonesiya masu tsakuwa a pankireyas da ciwon sukari, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana giya ba. A 1960 Shaper ya ga irinsu a Uganda, a 1963 Kinnear ya ba da labarinsu daga Ibadan, nan maƙwabta, sannan Geevarghese ya tattara ɗaruruwansu a jihar Kerala ta Indiya. Tarihin majinyatan iri ɗaya ne: ciwon ciki tun ƙuruciya, sukari a samartaka, mutuwa a lokacin da ya kamata a ce mutum ya fara cin moriyar rayuwa. An jima ana ɗora laifin a kan rogo, saboda dafin da ke cikin wanda ba a jiƙa da kyau ba, amma bincike na baya bai goyi bayan wannan zargi ba, don haka masu garin kwaki su kwantar da hankalinsu. A farkon shekarun 2000 an gano cewa da yawa daga cikin majinyatan suna ɗauke da wani sauyi na gado a ƙwayar halittar da ake kira SPINK1. Ma'ana, akwai wanda da ƙaddarar ciwon aka haife shi.

Batun yunwa kuwa har yanzu masana na ja-in-ja a kan ko ita ce ke haddasa tsakuwar, ko kuwa ciwon ne ke jawo ramar. Abin da aka tabbatar shi ne tamowa mai tsanani tana raunana wannan gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 1985 cewa akwai ciwon sukari mai nasaba da rashin abinci, ta cire shi daga jerinta a 1999, sannan a watan Afrilun 2025, a Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta sake amincewa da shi da sunan nau'i na 5. Wannan magana ta shafi Maraɗi fiye da yawancin biranen duniya. A 2005, shekarar da shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa yunwa ake yi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jaha. Waɗanda suka rayu sun haura shekara ashirin yanzu. Suna tuƙa kabu-kabu, suna goyon ƴaƴansu. Yaya pankireyas ɗinsu yake? Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo tana da sashen koyar da likitanci a cikin garin nan. Da wuya ta samu tambayar da ta fi wannan cancantar a ba ta kuɗin bincike.

Kafso shida a rana

Maganin rashin narkewar abinci sananne ne, ba kuma sabo ba ne. Sinadaran da gaɓar ta kasa samarwa ake zubawa a kafso, mutum ya haɗiya tare da lomar farko. Wanda ya samu isasshe yakan koma cin abinci kusan kamar kowa. Likitocin Turai ma sun daina hana majinyatansu mai kwata-kwata, sai dai su ce a rarraba cin, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a wuni. Ƙa'idar da suka fitar a 2017 ta ce babba yana bukatar awo 40.000 zuwa 50.000 na sinadarin narkar da maiƙo a kowane babban ci. Da kafso mai awo 25.000, irin na Creon, biyu ke nan da safe, biyu da rana, biyu da dare: shida a wuni, 180 a wata, sama da 2.000 a shekara, kuma babu ranar sallama. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42.000 ne, jika 42, ga wanda ya yi sa'ar samun albashin. Maganin daga Turai ake shigo da shi. A Ingila kanta an shiga ƙarancinsa a 2024, majinyata suna zagaye kantunan magani. Ana so a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba, a garin da watan Afrilu ke haura 40. Mai karatu ya yi sauran lissafin da kansa.

Wani abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa shi ne daga pankireyas ɗin alade ake tatso wannan magani, kuma babu wani madadinsa mai ƙarfinsa a kasuwa. Likitan da ya ɓoye wa majinyaci haka ya ci amanarsa, wanda kuma ya faɗa masa ya sallame shi ba tare da ƙarin bayani ba ya bar shi tsakanin cikinsa da imaninsa. Fiƙihu bai bar wannan ƙofa a rufe ba: babin larura sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami, kuma malamai da dama a ƙasashen Musulmi sun halatta irin wannan magani idan rai na cikin haɗari kuma babu wani. Maraɗi gari ne na malamai da wa'azi, gidajen rediyonta ba sa rabuwa da fatawa. Zama guda tsakanin likitoci da malaman garin, a fito da matsaya a faɗe ta da Hausa, zai sauke wa mutane nauyin da bai kamata kowa ya ɗauka shi kaɗai a gaban kantar farmasi ba.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. A 1987, a Bamako, ministocin lafiya na Afirka suka amince majinyaci ya riƙa biyan wani abu don gidajen likita su samu abin sayen magani. A Janairun 1994, a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, farmasi ta zama wurin da talaka ke shiga ya tambayi kuɗi ya fito. A 1995 doka ta tabbatar da biyan kuɗin jinya a faɗin ƙasa. Wannan giɓi ne masu tire a kai suka cike, ba daga sama suka faɗo ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Gwamnatoci sun zo sun wuce a Yamai, na farar hula da na soja, alkawarin yana nan a takarda. A 2005 da 2006 aka ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, abin a yaba, ko da yake bashin da gwamnati ta riƙa tarawa ya sha durƙusar da gidajen likitan. A watan Agustan 2024 hukumomin soja suka rage kuɗin ganin likita da awo da hoto da kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati, suka kuma ɗauke wa masu wankin ƙoda kuɗin shiga na jika 150. Wannan ma sauƙi ne na gaske, kuma mai ciwon pankireyas zai amfana ranar da zai yi eko ko sikana. Sai dai shi ba a ɗakin hoto dukiyarsa ke ƙarewa ba; a farmasi take tsiyayewa, wata bayan wata.

Shekarar 2023 ta nuna yadda rayuwarsa ke rataye da zare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka maƙale. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wadda mutanen Maraɗi suka saba bi neman magani ko ganin ƙwararru har Kano, ta toshe sai ta ɓarauniya. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Mai zazzaɓi yana iya dacewa ya kamu kafin rikici ko bayansa. Mai bukatar kafso shida a wuni da allura safe da yamma, watanni bakwai ɗin nan kowace rana a jikinsa ta sauka, kuma a cikin masu ƙaƙaba takunkumin da masu jan daga babu wanda aka ji ya ambace shi.

Raɗaɗi da zargi

Sai batun raɗaɗi, inda aka fi yin zalunci cikin rashin sani. Farasitamol ba ya isa. Sai majinyaci ya koma ga mai tire, ya sayi dikilofenak ko ibufurofen yana sha a kan yunwa wata da watanni, har su ƙwaƙule masa tumbi: mutumin da aka yi shekaru ana yi wa maganin olsar da ba ya da ita, a ƙarshe ya same ta da kuɗinsa. Daga nan sai taramol. Kowa ya san ɓarnar da wannan ƙwaya ta yi wa matasan yankin nan, kuma jami'an tsaro suna da hujjar farautar masu fataucinta. Amma farautar ta haifar da wani yanayi inda duk wanda ya nemi maganin raɗaɗi mai ƙarfi ake yi masa kallon ɗan ƙwaya. Wanda ke shan ta don ya kwana a fada yana samunta a lungu, wanda ke nemanta don ya iya miƙe bayansa ya yi sallah shi ake tsarewa da tambayoyi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa don jinya. Ba tsada ce ta hana ba, garin morfin yana da araha. Tsoro ne da tarin takardu. Uganda, wadda ba ta fi Nijar wani arziki na a zo a gani ba a lokacin, ta fara haɗa ruwan morfin na sha a cikin gida tun 1993 ta hannun Dokta Anne Merriman, a 2004 kuma ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Ba ana cewa a ɗora kowane mai ciwon pankireyas a kan morfin ba ne. Ciwo ne na shekaru, sabo da maganin haɗari ne na gaske, kuma akwai waɗansu magunguna na jijiya da ake gwadawa kafin a kai nan. Ana cewa ne raɗaɗi ya zama abin da likita ke bi da tsari, da rajista, da ranar komowa, maimakon a bar shi a hannun yaron da ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalin da yake sayarwa.

Idan shekaru suka tura, sukari yakan biyo baya, kuma nasu ya fi na kowa wuyar sha'ani. Gaɓar da ta daina ba da insulin ta kuma daina ba da gulukagon, wanda ke ɗaga sukari idan ya faɗi. Allurar da ta yi daidai jiya tana iya kayar da mutum yau, idan tuwon bai narke ba ko kuma bai samu ba. Manomin Jiratawa da ya yi allura da asuba ya fita ban ruwa da kunu kofi guda yana iya faɗuwa tsakanin kwamin albasa, a ce iska ce ta buge shi. Ya kamata shi da matarsa da babban ɗansa su san cewa gumi mai sanyi da rawar jiki da ruɗewar magana na nufin a ba shi sukari nan take, ya riƙa yawo da ƙwaya uku a aljihu. Labari mai daɗi guda shi ne na ajiya: binciken MSF da Jami'ar Janeba, da aka wallafa a 2021, ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wanda ba ya da firigo, ko wanda Nijelek ta saba yi wa tsiya, yana iya sa kwalbar cikin ƙaramin tulu a binne cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. Azumi kuwa, shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame. Abin da ke hana shi karɓar rangwamen idon maƙwabta ne, kuma nan ma kalmar liman ta fi ta likita nauyi.

Za a ce, kuma masu faɗar ba wawaye ba ne, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe mata yara kowace damina, ƙasar da mata ke mutuwa a kan gwiwa, ba ta da sararin kula da ciwon da bai kai waɗannan yawa ba. Da ana neman a gina wa pankireyas asibiti na kansa, da maganar ta zauna. Ginin ma an riga an yi: babban asibitin ƙwararru da aka gina wa Maraɗi a zamanin shugaba Isufu Mahamadu yana nan, ga asibitin jaha, ga ɗaliban likitanci suna fitowa. Tsakuwar pankireyas sau da yawa tana fitowa a hoton radiyo na ciki, irin wanda ake ɗauka tun zamanin Diori. Aikin fiɗa na buɗe magudanar da ta toshe a haɗa ta da hanji an san shi tun wajen 1960, ba ya bukatar na'urar da ta fi ƙarfin likitan fiɗa mai horo, kuma wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2020, ya nuna yin sa da wuri ya fi rage raɗaɗi bisa jinkirta shi. Sinadaran narkar da abincin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, don irin wannan aka kafa shi: ya sayo da yawa, ya karya farashi, ya ajiye inda zafi ba zai kashe maganin ba. Ministan da ya iya ɗauke wa masu wankin ƙoda jika 150 ya riga ya amsa cewa ciwo mai zama yana da haƙƙi a kan baitulmali. Saura ya faɗa wa jama'a dalilin da ya sa ƙoda ta shiga, pankireyas da insulin ɗinta suka tsaya a waje. Kuma wanda ke cewa majinyatan ba su da yawa, da wane ƙidaya yake magana, tunda rajistar gidajen likita da sunan olsa take rubuta su?

Matakin farko ma ko dala ba ya ci. Majo na gidan likitan Tsibiri ko na Jiratawa, idan mutum ya komo masa karo na uku da ciwon saman ciki mai fita ta baya, ya kuma ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya fitar da ƴan rakiya waje, ya rufe ƙofa, ya tambaye shi cikin mutunci yadda bayan gidansa yake, ya auna sukarinsa, sannan ya rubuta masa takardar zuwa Maraɗi a ɗauki hoton cikin.